Tarihin Meyahol, Malamin 'Yan Wasan Kwaikwayo na Ƙasar Rasha

A zangon farko na bana Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo ta makarantarmu ta sami sabon malami mai kula da ita. Kafin zuwansa ni aka ba matsayin sarki a wasan da za mu yi ranar bikin ba da kyaututtuka, don duk ƙungiyar ba wanda ya kai ni saurin hadda. Cikin mako guda na haddace maganganuna kaf, har da na waziri. Ranar da sabon malamin ya zo ganin gwajinmu, sai ya zauna a bencin baya na ɗakin taro, ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya yi ta kallonmu. Da muka gama ya ce shi bai gane wane ne sarki wane ne bafade ba, gama dukanmu tsaye muke ƙiƙam kamar turakun awaki, bakunanmu kaɗai ke motsi. Kashegari aka tuɓe ni, aka naɗa wani yaro wanda ko rabin maganganun bai riƙe ba.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na yi niyyar barin ƙungiyar in koma ta muhawara. Da na je gaya wa malam, bai hana ni ba, sai dai ya ce kafin in tafi in karanta tarihin wani mutumin Rasha, in dawo in ba shi labari. Sunan mutumin da wuyar faɗa. A rubuce Vsevolod Meyerhold ne, mu kuwa a ƙungiya Meyahol muke ce masa. Abin da na samo game da shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, musamman waɗanda suka ɗauka wasan kwaikwayo shiririta ce ta yaran da ba su son karatu.

An haifi Meyahol ran 9 ga watan Fabrairu, 1874, a wani gari da ake kira Penza, kudu maso gabas da Mosko. Iyayensa asalinsu Jamusawa ne, ubansa kuwa attajiri ne mai kamfanin yin barasa. Sunansa na yanka Karl. Da ya kai shekara 21, a 1895, sai ya bar ɗarikar Kiristanci ta iyayensa ya shiga wadda yawancin Rashawa ke bi, ya kuma sake suna ya koma Vsevolod, don ƙaunar da yake yi wa wani marubuci mai wannan suna, watau Garshin. A wannan shekara ya tafi Jami'ar Mosko karatun lauya. Shekara ɗaya kawai ya yi ya watsar, ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo, inda wani gwani da ake kira Nemirobic-Dancenko yake koyarwa. Ina jin da a gidanmu ne wani ya bar lauya ya kama wasa, da sai an tara masa dangi.

A 1898 malaminsa ya haɗa kai da Konstantin Stanislafski suka buɗe wani sabon gidan wasan kwaikwayo a Mosko, suka ɗauki Meyahol cikin 'yan wasansu na farko. A watan Disamba na shekarar ya fito a wani shahararren wasa na marubucin nan Cekof, a matsayin wani saurayi marubuci mai neman sabuwar hanyar shirya wasa, wanda manya suka ƙi saurarensa. Kamar dai an zana masa abin da zai same shi ne.

A nan ya kamata in bayyana abin da ya raba shi da Stanislafski, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai shiga ba. Shi Stanislafski a lokacin so yake dandamali ya zama kamar ɗakin gaske wanda aka cire wa bango ɗaya, 'yan kallo suna leƙe. Kujeru na gaske, kofin shayi na gaske, har kukan gyare da na kwaɗi akan kwaikwaya a bayan labule. Daga baya kuma ya koyar da cewa ɗan wasa ya fara nemo baƙin ciki ko murna a cikin zuciyarsa, ya tuna wani abin da ya taɓa samunsa, sa'an nan jikinsa ya bi. Meyahol ya ga wannan ɓoye gaskiya ne. A ganinsa mai kallo ya san wasa ya zo gani, don haka ba amfanin ruɗinsa. Gara a nuna masa gwaninta a fili, kamar yadda mai tafiya kan igiya yake nunawa. A 1902 suka rabu, Meyahol ya kafa tasa ƙungiyar, ya shiga yawon garuruwan kudu, ya fara daga Kerson.

Shekarun da suka biyo baya na tashi da faɗuwa ne. A 1905 Stanislafski ya kira shi ya ba shi wani ƙaramin ɗakin gwaji a Mosko, amma aka rufe tun ba a nuna wa jama'a ko wasa ɗaya ba. A 1906 wata shahararriyar 'yar wasa, Komisajebskaya, ta ɗauke shi aiki a San Fitasbag, a 1907 ta sallame shi. Abin mamaki, a 1908 sai ga shi an naɗa shi mai tsara wasanni a manyan gidajen wasa na Sarkin Rasha. Da rana yana yi wa sarakuna da attajirai wasanni na ƙasaita, a gefe guda kuma ya laƙaba wa kansa sunan ɓoye, Dakta Dafatuto, yana tara matasa yana gwaje-gwajensa. Daga 1913 ya buɗe musu makaranta sosai. Can suka yi ta nazarin tsofaffin 'yan wasan kasuwa na Italiya masu rufe fuska, da 'yan tsalle-tsalle, da irin wasannin mutanen Japan da na Sin. Duk waɗannan abu ɗaya ya haɗa su: da jiki suke ba da labari, ko ba ka jin harshensu za ka gane abin da ake ciki.

Mafi girman wasan da ya shirya wa gidan Sarki ya ci shekaru ana shirinsa, aka kashe masa dukiya mai yawa. Daren da aka fara nuna shi, a watan Fabrairu na 1917 bisa lissafin Rashawa na lokacin, ana ta harbe-harbe a titunan birnin. Bayan 'yan kwanaki Sarki ya sauka daga gadon mulki. Kafin ƙarshen shekarar 'yan Bolshebik, watau Kwaminis na Lenin, suka karɓi ƙasa. Yawancin manyan 'yan wasa suka noƙe suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa, amma Meyahol ya rungumi sabuwar gwamnati hannu bibbiyu, ya shiga jam'iyyarsu a 1918. Ya ɗanɗana kuɗarsa kuwa tun da wuri, don a 1919 da tarin fuka ya kai shi kudu neman magani, sojojin da ke yaƙi da Kwaminis suka kama shi suka tsare. A 1920 ya komo Mosko, aka ɗora shi kan sashen kula da wasan kwaikwayo na ma'aikatar ilmi.

To, yanzu mun zo kan abin da ya sa malam ya tura ni karatun nan. A 1921 Meyahol ya buɗe makarantar horad da masu tsara wasa da 'yan wasa a Mosko, ya fito da wata hanyar horo da ya sa wa suna bayomekanika, watau sanin yadda jiki mai rai yake motsi bisa ƙa'ida, kamar yadda inji yake yi. Ya lura da ƙwararrun ma'aikata, ya ga wanda ya iya aikinsa ba ya yin motsin banza, aikinsa yana tafiya da kari kamar kiɗa, kuma ya san inda nauyin jikinsa yake a kowane lokaci. Ya karanta littattafan wani Ba'amurke, Frederick Taylor, wanda ya yi ta auna motsin ma'aikata a masana'antu, da binciken likitan nan na Rasha Pablof a kan yadda jiki yake amsa abin da ya taɓa shi. Akwai kuma ra'ayin wani masani, William James, wanda ni ya fi ba ni mamaki. Mu mun ɗauka in mutum ya ga kura, tsoro ne yake fara kama shi sa'an nan ya ruga. Shi kuwa yana ganin gudun da bugun zuciyar ne suke zuwa, daga cikinsu tsoron yake fitowa. Meyahol ya ɗauki wannan ya kai dandamali: ka sa jikinka yadda na mai tsoro yake, ka yi shi daidai, tsoron zai same ka a can.

Ya raba kowane motsi kashi uku. Na farko shi ne ja da baya, na biyu aikin kansa, na uku tsayawa cik a inda aikin ya ƙare. Da na karanta wannan sai na tuna 'yan dambe a garinmu bayan kaka. Ba ɗan damben da yake kai naushi daga inda hannunsa yake. Sai ya janye shi baya tukuna, kuma wannan janyewar ce take sa 'yan kallo su riƙe numfashi, don sun san abin da ke tafe. Haka mai sara da gatari, haka mai jifa. Ja da bayan nan yana da wani amfani kuma, shi ne yake gaya wa abokin wasanka cewa ga ka nan zuwa, ya shirya. In ba ka yi shi ba, ko ka ji masa ciwo ko ku ɓata wasan.

Ɗalibansa sukan koyi waɗansu 'yan gajerun atisaye, kowanne da sunansa: jifa da dutse, harbi da baka, mari, suka da wuƙa, tsalle a kan ƙirjin abokin wasa. Ba dutse ba baka a hannun kowa. Ɗan wasa zai yi gudu, ya hango dutsen, ya sunkuya, ya ɗauka, ya ji nauyinsa tun daga yatsun ƙafa har kafaɗa, ya ja baya, ya auna, ya jefa, ya tsaya. Abin da yaro zai yi cikin ƙiftawar ido, su sai su rarraba shi gaɓa-gaɓa su yi ta maimaitawa wata da watanni. Kafin a fara kowane atisaye kuma duk ɗalibai sukan tsaya tare, su wurga hannuwa sama su sauko da su da tafi biyu masu sauri, don kowa ya shiga kari ɗaya da ɗan'uwansa. Bayan wannan ga dambe, ga wasan takobi, ga alkafura, ga rawa.

Abin da ya fi nauyi a wurinsa shi ne kada kowa ya yi wasa shi kaɗai. Wanda zai yi tsalle ya dira a ƙirjin abokinsa dole ya amince abokin zai tare shi, shi kuma mai tarewa dole ya san daidai lokacin da zai kafa ƙafa. Ni da na ga wani tsohon ɗan guntun fim na ɗalibansa a wayar malam, abin da ya faɗo mini a rai shi ne lugude. Mata uku a turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, wata ma har ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, amma taɓare ba su taɓa karo. Ba wadda take kallon hannunta, kowace kunnenta da jikinta suna wajen 'yan'uwanta. In ɗaya ta ce ita ce gwana ta yi gaba, dakan ya ɓaci.

A watan Afrilu 1922 ya nuna wa mutanen Mosko amfanin wannan horo, da wani wasan ban dariya na wani marubucin ƙasar Beljiyam, labarin wani mutum wanda kishin matarsa ya kusa haukata shi. Ba labule, ba zanen daji ko na ɗaki. Wata mai zane, Liyubof Popoba, ta gina wani abu na katako tsirara mai matakala, da wurin sulɓi, da ƙofofi masu juyawa, da manyan ƙafafu kamar na keke waɗanda suke ƙara gudu in rikici ya yi zafi. 'Yan wasa duka, maza da mata, suka sa shuɗayen kayan aiki iri ɗaya irin na leburori. Manyan 'yan wasa uku na ciki, Ilinski da Babanoba da Zaicikof, sun yi aiki tare har 'yan jarida suka haɗa farkon sunayensu suka mai da shi suna ɗaya, kamar mutum guda mai jiki uku. A 1923 aka sa wa gidan wasan sunan Meyahol tun yana da rai. Cikin ɗalibansa har da Aizenshtain, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na duniya.

Wasansa da na fi so in da na gani shi ne na 1926, wanda Gogol ya rubuta tun ƙarni na 19. Labarin ma'aikatan wani gari ne maciya hanci, waɗanda suka ɗauka wani matashi matsiyaci shi ne sufeton da aka aiko bincikensu, suka yi ta tura masa kuɗi. Meyahol ya jera ƙofofi da yawa a bayan dandamali, aka buɗe su gaba ɗaya, ta kowace ƙofa sai ga ma'aikaci da ƙunshin kuɗi a hannu. A ƙarshe, da aka ba da labarin sufeto na gaskiya ya iso, 'yan kallo suka ga ma'aikatan sun sandare, da aka duba ashe gumaka ne masu girman mutum aka jera a madadinsu.

Kada a ɗauka mutumin ba shi da laifi. Yana da zafin rai da saurin zargi, ya ɓata da mutane da yawa. Sa'ad da yake da iko a 1920 ya yi ta sukar tsofaffin gidajen wasa, har da na malamansa. A 1922 ya auri ɗalibarsa Zinaida Raik, bayan ya rabu da uwar 'ya'yansa, ya riƙa ba ta manyan matsayi a wasanni, har Babanoba ta gaji ta bar shi a 1927. Mutumin da yake koyar da cewa ba wanda ya fi wani a dandamali, ga shi ya fifita matarsa. Wannan ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, kuma na gaya wa malam haka.

Da mulki ya tabbata a hannun Stalin sai al'amura suka juya. Hukuma ta ce hanya ɗaya ce tak ta yin wasa da rubutu da zane, watau a nuna rayuwa yadda kowa zai gane nan take, kuma yadda za ta yabi tafarkin jam'iyya. Duk wanda ya kauce sai a ce ya damu da siffa ya bar ma'ana, wannan kuwa a lokacin ba ƙaramin zargi ba ne. Daga 1936 jaridu suka sa Meyahol gaba. A watan Janairu 1938 gwamnati ta rufe gidan wasansa. Abokai suka watse, waɗansu ko gaisuwa suka daina.

Wanda ya miƙa masa hannu shi ne wanda ba a zata ba, watau Stanislafski, tsoho mai shekara 75 a kan gadon ciwo, mutumin da suka shafe shekara talatin da ɗoriya suna saɓani. Ya kira shi ya ba shi aiki a gidan wasansa na waƙe-waƙe. Shi kansa tsohon a ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga koyar da 'yan wasa su fara daga aikin jiki, ashe hanyoyin nasu sun kusa haɗuwa. Duk cikin labarin nan wannan wurin ne na karanta sau uku. Amma a watan Agusta na 1938 Stanislafski ya rasu, Meyahol ya rasa inuwa.

Ran 20 ga watan Yuni, 1939, 'yan sandan ciki suka kama shi a Leningirad. Bayan kamar mako uku, cikin watan Yuli, waɗansu mutane suka shiga gidansa na Mosko da dare suka yi ta sukar Zinaida da wuƙa, ta mutu. Shi kuwa aka tuhume shi da leƙen asiri don Ingila da Japan, da bin Trotski, abokin gābar Stalin. Dattijo mai shekara 65, aka kwantar da shi rubda ciki ana dukan tafin ƙafafunsa da bayansa da kulkin roba, kwana da kwanaki, ana komawa kan inda ya kumbura. Ya sa hannu a takardun ƙarya da suka rubuta. A watan Janairu 1940 ya rubuta wa Molotof, shugaban majalisar ministoci, wasiƙa daga kurkuku, ya bayyana azabar da aka yi masa, ya ce duk abin da ya amsa duka ne ya sa shi, ya janye. Ba a saurare shi ba. Ran 1 ga Fabrairu aka yanke masa hukuncin kisa, ran 2 ga Fabrairu, 1940, aka harbe shi, saura mako guda ya cika shekara 66. Aka ƙone gawar, aka zuba tokar a rami ɗaya da ta sauran waɗanda aka kashe, a maƙabartar Donskoi ta Mosko.

Bayan wannan ambaton sunansa ma ya zama haɗari. Sabon gidan wasan da ake gina masa aka mai da shi zauren kaɗe-kaɗe, aka sa masa sunan Caikofski. Aizenshtain ne ya yi ƙarfin hali ya ɓoye takardun malaminsa a gidansa na bayan gari. Sai a 1955, shekara biyu bayan mutuwar Stalin, kotu ta wanke shi, bayan wata jikarsa ta yi ta kai da kawowa. Atisayen kuwa ba a takarda suka tsira ba, a jikin mutane suka tsira. Wani tsohon ɗan wasansa, Nikolai Kustof, ya riƙe su a jikinsa shekara da shekaru, sai a shekarun 1970 aka ba shi dama ya koya wa waɗansu matasa a wani gidan wasa na Mosko. Biyu daga cikinsu, Bogdanof da Lebinski, su ne daga baya suka kai wannan horo ƙasashen Turai da Amurka. Gidan da aka kashe Zinaida kuwa an mai da shi gidan tarihi.

Da na koma na ba malam labari, bai ce mini komai game da sarautata ba, ni ma ban tambaya ba. Ban koma ƙungiyar muhawara ba dai. Yanzu kowace Laraba da Asabar bayan la'asar mukan ture bencuna a ɗakin taro, mu cire takalma, mu tsaya da'ira mu goma sha huɗu. Mun yi kusan wata guda kafin tafinmu biyu ya fita kamar na mutum ɗaya, kuma yawanci ni ne mai riga kowa, don har yanzu garaje bai sake ni ba. Malam ya ce abin da muke yi ɗan tsakure ne kawai, shi kansa bai koya wajen gwanayen ba, don haka ya hana mu tsalle a ƙirji, kada wani ya kwana a asibiti. Jifa da dutse muke ta fama da shi.

A wasan ranar bikin ba da kyaututtuka an ba ni matsayin ɗaya daga cikin dogarai huɗu. Ba ni da magana ko ɗaya. Aikinmu shi ne mu shigo da ɓarawo gaban sarki, ya kufce, mu bi shi, mu faɗi tare, mu tashi tare. Mun fi mako biyar muna gwada wannan faɗuwar, gwiwata ta hagu ta shaida. Iyayen da za su zo, in sun ga dogarai sun shigo, ni ne na biyu daga dama.